Mai Ƙanƙara da Farar Ƙasa

A ɗakin jiran karɓar fasfo, wani saurayi ya tsaya gaban taswirar duniya da ke bango, yana auna ƙasashe da tafin hannu. Wata dattijuwa ta gaji da kallonsa.

"Ɗan nan, awon me kake yi?"

"Kasuwa nake nema, Iya. Kin ga farar ƙasar can ta sama? Ta ninka tamu. Can zan koma da sana'ata, har na saki shagona."

"Taswira ce ta kumbura ta. Duniya kamar lemo take, in za a shimfiɗa ta a takarda sai an ja sama da ƙasa. Jikana ma'aikacin jirgin ruwa ya je can. Ya ce mutanenta kaf ba su kai na garin nan ba."

"Haba, Iya! To wa ke zaune a duk wannan fili?"

"Ba kowa. Me kake sayarwa ma?"

"Ƙanƙara."

Dattijuwar ta yi salati.

"Ɗana, farin nan da ka auna, ai duk ƙanƙara ce. Kyauta."

Ya sauke hannunsa a hankali.

"Iya, jikan naki bai ce suna neman mai shayi ba?"