Ranar da Aka Ce In Yi Kamar Ina Addu'a

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, mai ganin abin da muke ɓoyewa. Sunana Saratu, a Mpape nake zaune. Ban saba magana gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuto, da ɗan abin da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Ku yi haƙuri da ni.

Ɗana Ishaya mai walda ne. A coci aka ɗaura aurensa da Rifkatu, suna da 'ya ɗaya. Bara ya zo mini da wani mutum mai yawan turare, wai Oga Sunday, zai yi masa hanyar Turai. Kafin ya zauna ya ce mini "Momi" ya fi sau biyar. Tun daga nan raina bai kwanta ba.

Suka ce ranar Asabar za a yi 'yar walimar ban kwana, har aka kawo mini anko. Sai na ga an sauke hoton auren Ishaya da Rifkatu daga bango. Yatsan Rifkatu kuma ba zobe. Na tambaye ta, ta ce, "Mama, sabulu ne yake ci mini yatsa." Ba ta dube ni ba.

Na ja Ishaya gefe. "Wace irin walima ce wannan?"

"Mama, aure ne na takarda kawai. Matar da zan aura tana da fasfon can. In an yarda mun yi aure za a ba ni izinin zama. Bayan 'yan shekaru mu rabu, in ɗauko Rifkatu."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

"Ofishin jakadanci suna son ganin hoton dangi. Rifkatu ƙanwata ce ranar." Ashe har ya yi rantsuwa a kotu cewa bai taɓa aure ba.

'Yan'uwa, ga laifina. Na ji duk wannan, na yi shiru. Ina so a riƙa cewa ɗan Saratu yana waje. Na ɗaura ɗankwalin ankon da hannuna!

Ranar Asabar aka kai jikata gidan maƙwabta don kada ta ce "Baba". Amarya ta zo ta durƙusa gabana, matar da ko sunanta ban riƙe ba. Rifkatu tana tsaye a baya, riƙe da jakar amarya. Mai bidiyo ya ce, "Mama, ɗora hannu a kanta, ki yi kamar kina addu'a."

Na ɗora. Na rufe ido. In yi kamar ina addu'a a gaban wa? Wanda zan kira sunansa ai yana ji!

Bakina ya buɗe. Na ce, "Ya Uba, ka gafarta mini. Ka albarkaci wannan baiwar taka, ka ba ta mijinta na gaskiya. Ka riƙe mini Ishaya da matarsa Rifkatu, waɗanda kai ka haɗa."

Oga Sunday ya yi tsalle. "A kashe bidiyon! A kashe! Momi, haba, a sake!"

Na ce masa, "Ɗana, ba a sake addu'a. An riga an ji."

Amarya ta karɓi jakarta ta fice. Rifkatu ta zauna a ƙasa tana kuka.

Wata huɗu Ishaya bai gaishe ni ba. In ya hango ni sai ya sauya hanya. Na yi ta kai shi gaban Ubangiji. Wata safiya ina shara, sai ga shi ya durƙusa. "Mama, ina kwana." Daga baya da ƙafarsa ya je wurin fasto a kan rantsuwar nan. Halleluya!

Har yau ban san ko da ya tafi Turai amaryar nan za ta sake shi ba. Yana nan Mpape, aiki wata rana akwai, wata rana babu, amma a ɗakin matarsa yake kwana.

Na gode wa Yesu da ya kama bakina kafin in sa albarka a kan ƙarya. Iyaye mata, in ranku bai kwanta ba, kada ku yi shiru irin nawa. Ku dogara gare shi. Amin.