Lambar da Sabulu Ya Wanke

"Babu lamba, babu wuri," in ji wani dattijo a layin. "Koma baya, baiwar Allah."

A layin shiga gidan kiɗa ne a Glasgow, da la'asar. Masu bin ƙananan mawaƙan jita suna rubuta wa juna lamba a bayan hannu, wanda ya riga zuwa shi ke tsayawa gaban dandamali. Ailsa ta duba hannunta, fes.

"Ni ce ta uku, Baba. Fitsari ya kai ni banɗaki, sabulu ya cinye ta."

"Wa ya aike ki? A layi hannu ɗaya ake wankewa."

"Ka taɓa ɗaukar cikin wata takwas?"

Daga ciki aka fara gwada ganguna. Jaririn ya motsa, Ailsa ta dafe cikinta, dariya ta ƙwace mata.

"Ka gani? Ubansa ya yi magana, shiru. Ungozoma ta taɓa, shiru. Sai wannan mai gangar. Gaba yake so."

"Yana bin kiɗan kuwa?"

"Ya fi mai gangar iyawa."

Dattijon ya tuntsire da dariya, ya zaro biro ya mayar mata da ukunta.

"Ki more. Ni ma gab da haihuwar 'yata a gaba na tsaya, ina cewa wata biyu kawai zan yi in dawo kallon kiɗa."

"Haka na gaya wa mijina! Tana ina yanzu?"

Ya nuna wata doguwar mata a bayansa. "Ita ta saya mini tikitin."

Ailsa ta daina hura tawadar.

"Baba, ka dawo ɗin a wata biyun?"