Ni da Sajan Bitrus, Wa Zai Kai Wani Ƙasa?

Mai gabatarwa, barka da war haka.

Ni ne Iliya mai walda daga Muciya. Shagona da gidana, duk hannuna ne ya ba ni. Kafin walda na yi damben boksin a ajin masu nauyi, tsofaffin Sabon Gari sun sani.

Ranar Asabar ina kan kujerar aski a Samaru musu ya tashi: ni da Sajan Bitrus na Basawa, da mun kara muna kan ganiyarmu, wa zai kai wani ƙasa? Ba mu taɓa karawa ba, shi ya tafi soja, ni na kama sana'a. A gabana kowa ya ce Bitrus, wai ga hotonsa da kambu a falonsa. Har babban ɗana Yohanna ya ce, "Baba, to kai ina naka hoton?"

Lokacin da nake zubar da ƙarti, wa ya kira mini mai hoto? Shi a bariki aka ɗaukar masa.

Tun ranar ko hanyar Basawa ba na son bi. Don Allah wanda ya taɓa ganin dambena, ko da wanda na fasa wa baki ne, ya rubuto a karanta. Yohanna ba ya fashin shirin nan.