Akwatin Yana Hammatata

Mitsue: "Ina akwatin wannan kwanon?" Yaya, haka fa na ji mutumin ya tambaya da kunnena!

Kinuko: Alo? Wa ke magana?

Mitsue: Ni ce mana, Mitsue.

Kinuko: Auta? Yau kuma ke ce da faɗo wa mutum a ka babu ko gaisuwa? Aure ya cinye miki ladabin?

Mitsue: Yi haƙuri. Ina wuni, Yaya?

Kinuko: Lafiya lau. Ya gida? Ya mai gidan naki, Shinpei?

Mitsue: Lafiyarsa ƙalau. Ya Osaka? Ya aikin shago?

Kinuko: Muna nan muna goge ƙura. Ya surukarki da gwiwa?

Mitsue: Da sauƙi. Yaya, ki tsaya...

Kinuko: Ya cinikin awara? Ruwan nan ya sauka a wajenku?

Mitsue: Ya sauka! Don Allah ki bar ruwa. A wayar bakin shagon taba nake, sulallan yen goma na zuba mata, kuma kin san yadda take haɗiyarsu in Osaka aka kira.

Kinuko: To faɗi. Ciki ne?

Mitsue: Kai, Yaya! Kwano ne.

Kinuko: Kwana nawa?

Mitsue: Kwano! Kwanon shayi! Kin tuna tsohuwa Kuwabara, malamar shayin da nake kai wa awara duk Laraba?

Kinuko: Wadda ta rasu da bazara.

Mitsue: Ita. Ɗanta ya zo daga Tokyo da matarsa, yau suka yi gwanjon kayan gidan. An baje tabarmi a tsakar gida, an fito da komai, har tukwanen miya. Dillalai kamar ƙudaje.

Kinuko: Ke da ko kasuwa sai an tura ki, me ya kai ki gwanjo?

Mitsue: Ba saye na je ba. Wani akwatinta na katako ne a wurina. Bara ta zuba min alewar wake a ciki na tafi da shi. Kuma kin san ba a mayar wa mutum mazubinsa haka nan wayam. Na yi ta jira in samu abin kirki da zan saka, har ta rasu.

Kinuko: Halinki ke nan. Shekara guda kina tunanin tukwici.

Mitsue: Shi ne da asuba na yi wainar shinkafa, na jera a ciki, na ɗaure da ƙyalle, na kai. Na rusuna wa ɗan nata, na ce ga akwatin mahaifiyarka. Ko kwance ƙyallen bai bari na yi a gabansa ba. Ya ce in ajiye wainar gaban hotonta, akwati kuwa in riƙe, su ma ga tarinsu can za su ƙona.

Kinuko: Ƙona me? Akwatunan? Wayyo ni! Da mai shagonmu ya ji wannan, sai an yayyafa masa ruwa!

Mitsue: To ina tsaye a gefe da abina a hammata, ina neman hanyar fita, sai ga wani dillali mai hular gora ya tsaya kan wani baƙin kwano. Yaya, ni na san kwanon nan. A ciki take ba ni shayi in na kai awara. Bakinsa a karkace, yana da ɗori a gefe, kamar walƙiya.

Kinuko: Ɗorin wane launi?

Mitsue: Ruwan zinariya.

Kinuko: Ci gaba. Ci gaba, ina ji!

Mitsue: Ya ce wa ɗan, wai tarkace ne, fasasshe, ko kyanwa ba za a zuba wa madara a ciki ba. Amma ni ba bakinsa nake kallo ba, hannunsa nake kallo. Kafin ya taɓa, sai da ya zare zobensa ya sa a aljihu. Ya cire agogo. Ya durƙusa, ya kafa gwiwar hannu a cinya, ya ɗaga kwanon ɗan kaɗan daga tabarma, yadda ko ya suɓuce ba zai yi nisa ba. Wa ke cire zobe saboda kwanon kyanwa?

Kinuko: Auta! Shekarata shida a shagon kayan da, sai bara na gane wannan. Ke wa ya koya miki?

Mitsue: Ba kowa. Haka tsohuwar take riƙe shi. Sai ya kifa shi, ya daɗe yana kallon gindin, ya shafa wani ɗan hatimi da babban yatsa. Sannan ya yi tambayar, a hankali, kamar ba ta dame shi ba: "Ina akwatin wannan kwanon?"

Kinuko: Tsaya. Kar ki ce min...

Mitsue: Yana hammatata, Yaya! Taku uku tsakanina da shi!

Kinuko: Tabɗi! Ya aka yi kika san shi ne?

Mitsue: Na sha ganin tana mayar da shi ciki bayan mun gama. Igiyar ɗaurin shuɗiya ce da ratsin fari. Na ce ko in yi magana, bakin ya ƙi buɗuwa. Kin san ni da maza masu hula.

Kinuko: Yau dai kunyarki ta yi rana! Sai me?

Mitsue: Ɗan ya nuna masa tarin na ƙonawa a bayan sito. Dillalin ya waiga hagu da dama, ya kife wani bahon wanki a kan kwanon, ya tafi tono.

Kinuko: Ɗan duniya! So yake ya haɗa biyun ya saye a kuɗin goro. Ai kwano irin wannan in babu akwatinsa marayan kwano ne. A murfin ake rubuta wanda ya gina shi da hannuwan da ya bi. Alo? Alo, Mitsue?

Mitsue: Ina nan, sulai nake ƙarawa. Saura biyu.

Kinuko: Yi sauri!

Mitsue: Sai matar ɗan ta zo ɗaukar bahon, wata ta saya. Ta ga kwano a ƙasa, ta ga ɗori, ta ɗauke shi da hannu ɗaya, Yaya, hannu ɗaya! Ta dangwarar a tabarmar masu lahani, ta yen ɗari uku. Ban san sanda na isa wurin ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan nake so." Muryata kamar ta sauro. Ta ce, "Fasasshe ne fa, ga masu fure can." Na ce shi nake so. Har a jarida ta naɗe min shi.

Kinuko: Ɗari uku! Ɗari uku! Bari in zauna. A'a, bari in tashi!

Mitsue: Ban yi gudu ba sai da na sha kwanar gidan wanka. Na ɓuya bayan shagon keke, na kwance ƙyalle, na saka shi a ciki. Ya zauna daram. Har da zagayen da gindinsa ya bari a katakon, ya hau kai daidai.

Kinuko: Karanta min abin da ke murfin.

Mitsue: Rubutun tawada ne irin na da, duk a harɗe kamar taliya. Ni da na tsaya a aji tara? Akwai dai jan hatimi biyu a ciki.

Kinuko: Biyu! Ki saurare ni. Gobe ki hau jirgin ƙasa na safe, ki rungume shi kamar jariri. Mai shagonmu zai karanta. In abin da nake zato ne, Shinpei ya daina tura keken awara, mota zai saya. Ni kuma rigar siliki kawai nake so, ba ni da haɗama.

Mitsue: In na ce zan je Osaka, sai na faɗa wa Shinpei dalili.

Kinuko: Ki faɗa mana!

Mitsue: Shi kuma bai iya riƙe magana ba, kafin ya gama cin abinci uwarsa ta ji. Ita ta ji, layinmu ya ji. Jibi a ce matar mai awara ta ɓoye akwati ta cuci magada.

Kinuko: Ai shi ya ce ki riƙe!

Mitsue: Wa zai tsaya jin wannan? Kuma ko ba a ce komai ba, sayarwa za su yi. A kai shi gidan wani mai kuɗi, a kulle a sito, ba mai sake shan komai a ciki.

Kinuko: To ke me za ki yi da shi? Ki jiƙa waken suya?

Mitsue: Yaya, tunda na shiga gidan nan, ko cokali ba nawa ba ne. Komai "na kakar Shinpei ne, a bi a hankali". Tsohuwar nan kaɗai ce ta taɓa miƙo min abu mai daraja ba ta ce in bi a hankali ba. Ranar farko da ta miƙo min kwanon ina ɗari-ɗarin karɓa, ta ce, "Sha abinki, ya fi ki sanin faɗuwa."

Kinuko: Kar ki sa ni kuka a gaban masu ciniki. Amma mota fa, Auta. Mota!

Mitsue: Wayyo, ga shi nan!

Kinuko: Wa? Shinpei?

Mitsue: Mai hular gora! Yana tafe yana leƙa jakar kowace mata. Duk toka a wandonsa!

Kinuko: Juya masa baya! Rufe da haɓar riga!

Mitsue: Ya wuce. Har ya rusuna min, ya ce a gafarce shi! Yaya, dariya za ta kashe ni.

Kinuko: Mitsue, ki bar ni in ɗan shaida wa mai shagonmu. Shi kaɗai.

Mitsue: A'a. Bayan buhunan wake zan ajiye shi. Ranar Laraba in sun tafi kai gwiwar surukata asibiti, in dafa ruwa in sha shayina. Ba wanda zan gaya wa.

Kinuko: Ai kin riga kin gaya min!

Mitsue: Ni? Layin nan ba kyau, Yaya. Gaisuwa kawai muka yi, kika tambaye ni ruwa, na ce ya sau...