Lambar sirrina tana goshin motata

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da masu sauraro.

Ni ne na fara da noman albasa a gonar aro a Augie, yau ina da rumbuna biyu a Argungu da motar lodi tawa ta kaina. Ba gado, ba ubangida.

Ranar Juma'a wayata ta nuna mani gargaɗi, wai lambar sirrina tana cikin waɗanda sunka fita hannun ɓarayin intanet. Ga shi da lambar nan ɗaya nake shiga imel da shafin da 'yan kasuwar Kudu ke yi mani odar kaya. In wani ya shiga ya yi magana da sunana, mutuncin da na tara ya tafi.

Na tafi Birnin Kebbi wurin taubashina Sani da ya san harkar waya, na faɗa masa lambar. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Alhaji, ai kirarin da ka sa aka rubuta a goshin motarka ne! Daga nan har Legas kowane kwandasta ya haddace sirrinka."

Na ce, "Dariyarka ta isa, matsa."

Da hannuna na shiga saitin waya na canja, kowane shafi da lambarsa daban, na kunna tabbatarwa ta saƙon tes. Na duba, babu wanda ya shiga. Alhamdu lillahi!

Jama'a, in kun ga gargaɗin nan, ku canja nan take.

Malama, a rubuta sunana cikakke, kada a gutsure: Alhaji Ummaru Ɗan Kaka Mai Albasa, Argungu.