Ciwon Da Ba Ya Fitowa Da Rana

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Ceto. Sunana Rifkatu, ina koyarwa a wata firamare a Wurno. Godiya na zo yi, amma ku bar ni in fara amayar da abin da ke raina.

Wata huɗu na yi ina fama. Rana na faɗuwa sai sanyi ya kama ni, kaina ya riƙa sarawa, in kwana ina jiƙa zane da gumi. Gari na wayewa zazzaɓin ya sauka, sai dai gajiya. In je asibiti, a auna ni, a ce ba komai.

Kowa kuwa ya zama likita. Mai kemis ya ce maleriya, na sha maganinta sau uku. Wata ta ce taifot, wani ya ce shawara. Maƙwabciyata ta rantse iskokin gulbi ne. A cikin ikilisiyar nan ma an ce mini ƙarancin bangaskiya ne. Ban dai kama suna ba!

Sai hedimasta ya kira ni ofis. Ya ce, "Malama, wanga ciwo naki da ba ya zuwa sai an tashi makaranta, ni ban san shi ba. In kika sake makara, takarda za ta tahi sama." Aikin da nake ciyar da 'ya'ya uku da shi! Ga ciwo, ga shi an mai da ni maƙaryaciya.

Ran nan ban yi addu'ar ladabi ba. Na ce, "Ubangiji, na gaji! Ko ba ka warkar da ni ba, ka ba ni mutum ɗaya da zai yarda da ni."

Bayan kwana biyu Baba Altine, tsohon makiyayin da ke duba mini awaki, ya leƙo. Ya ce, "Ɗiyata, mi yas same ki kika rame haka?" Na kwashe duka na gaya masa. Sai ya ce, "Akuyarki da ta yi ɓari, da hannu kika kwashe? Kina shan madararta ba dahuwa?" Na ce e. Ya ce, "Tahi Sakkwato. Ki hwaɗa ma likita zancen akuya, ba zancen sauro ba."

Na je asibiti a Sakkwato, aka ɗibi jinina. Ashe ciwo ne da ake ɗauka daga dabbobi. Likitan ya dube ni ya ce, "Yaya kika iya tsayuwa gaban allo da wannan?" Nan na fashe da kuka.

Sati shida na yi ina shan magani, yau ga ni garau. Hedimasta ya karanta takardar asibiti sau biyu, bai iya duban idona ba. Aikina yana nan. Halleluya!

Na gode wa Yesu, wanda ya ji har addu'ar mai fushi. Ku dogara gare shi, ba ya barci. In kuma wani ya ce muku ba shi da lafiya, don Allah ku ce masa sannu kafin ku fara wa'azi. Amin.