Gayyar Yayana da Ba Wanda Ya Zo

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hauwa daga Darki, ƙaramar hukumar Wudil. Don Allah a karanta jama'a su ji.

Yayana Sabo ya shiga soja tun yana saurayi. Bara ya dawo daga bakin daga da ƙafa ɗaya. Da damina ta kankama, ciyawa ta rufe geronsa, sai ya kira gayya. Ni da matarsa muka yi sammako muka tuƙa tuwo, muka dama fura, muka kai bakin gona. Har rana ta take, ƙudaje ne kawai suka zo.

Na je wajen Kawu Idi, mai tara samarin gayya, ina kuka. Ya ce, "Hauwa, gayya ramuwa ce. Gonar wa Sabo ya taɓa duƙawa a ciki?" Na ce ai mu ya je tsarewa. Ya ce, "To, gwamnatin da ta tura shi ta zo ta nome masa."

Da na faɗa wa Yaya, bai yi faɗa ba. Ya dubi ƙafar wandonsa da ke naɗe a gwiwa, ya ce, "Ni na ɗauka can ma gayya na je."

Wallahi na rasa yadda zan yi, geron yana ta mutuwa muna kallo. Masu sauraro, ku ba ni shawara. In ƙafarsa ba ta isa ramuwa ba, me kuma ya rage ya kai musu?